Ƙasusuwa da gaɓoɓin hannu da ƙafa

A jikin baligi akwai ƙashi 206, kuma 120 daga cikinsu suna hannuwa da ƙafafu ne, talatin a kowane ɗaya. In aka haɗa da ƙasusuwa huɗu na kafaɗu da biyu na kwatangwalo, waɗanda ke maƙala su da gangar jiki, lissafin ya zama 126.

Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi guda ne, na damtse. Sangalin hannu yana da biyu a jere, ɗaya na iya mirginawa a kan ɗan'uwansa, shi ya sa mutum ke kifa tafin hannu ya kuma buɗe shi. Wuyan hannu na da ƙanana takwas a sahu biyu, tafi na da biyar, yatsu sha huɗu: uku-uku a kowane yatsa, babban yatsa biyu. Ƙafa ma kusan haka take: ƙashin cinya, wanda ya fi kowane ƙashi tsawo a jiki, ƙoƙon gwiwa, biyu a ƙwauri, bakwai a idon sawu da dunduniya, biyar a tafin ƙafa, sha huɗu a yatsu.

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, an kewaye mahaɗar da tantani mai fitar da ruwa mai yauƙi don kada ƙashi ya goge ɗan'uwansa. Kalmar jijiya a nan tana kawo ruɗani, domin Bahaushe da ita yake kiran abu huɗu: mai ɗaure ƙashi da ƙashi, mai ɗaure tsoka da ƙashi, hanyar jini, da mai kai saƙo ƙwaƙwalwa. Targaɗe miƙewa ce ko yagewar ta farkon, kuma ya fi faruwa a gefen waje na idon sawu.

Kafaɗa da kwatangwalo ƙirarsu ɗaya, kan ƙashi mai kama da ƙwallo a cikin gurbi, amma halinsu ya sha bamban. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, tsoka da jijiyoyi ne ke riƙe da ita, don haka ta fi kowace gaɓa juyawa, ta kuma fi sauran manyan gaɓoɓi gocewa, yawanci ta gaba. Gurbin kwatangwalo mai zurfi ne, sai da bugu mai tsanani kamar na haɗarin mota yake gocewa. Rauninsa yana wani wajen: jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya ta ƴan siraran hanyoyi yake zuwa, in suka toshe, kamar yadda kan faru ga masu sikila, ƙashin ya mutu ya lotse. Gwiwa kuwa tamkar ƙyaure take, naɗewa da miƙewa, da manyan jijiyoyi huɗu da matasan guringuntsi biyu a tsakani. Ƴan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas da ƴan ga-ruwa masu tura kura a kan gwiwa suke sauke nauyin, kuma guringuntsi in ya cinye ba ya tofowa kamar fata.

Babban ƙashin ƙwauri fata kawai ke rufe gabansa. Wannan ne ya sa karayar ƴan acaba, sana'ar da ƴan Arewa da yawa ke yi a Legas, kan zo da ƙashi a waje. Irin wannan karaya ba ta ɗori ba ce: a rufe ciwon da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar kada ta motsa, a nufi asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke kan titin Ikorodu, domin ƙwayoyin cuta in suka shiga ɓargo suna da wuyar fita. Karayar cinya kuma na iya zubar da jini fiye da lita ɗaya a ciki ba tare da an ga ɗigo ba.

Haɗarin ɗaurin kara yana cikin matsewa. Tsokokin sangali da ƙwauri a cikin kube suke wanda ba ya talewa. Wuri ya kumbura, ɗauri ya matse, jini ya daina wucewa, cikin ƴan sa'o'i tsoka ta fara mutuwa. Alamunsa ciwo mai ƙaruwa da magani ba ya kwantarwa, zafi mai tsanani in an miƙe yatsu, da dindiris. Ko simintin asibiti ne ya kawo haka, sai an tsaga shi nan take.

Dogon ƙashin yaro, kamar na cinya, yana da faifan guringuntsi kusa da kowane baki, daga nan yake ƙara tsawo. Abin da ya yi kama da targaɗe ga yaro kan zama karaya ce a wannan faifan, kuma in ta haɗe a karkace, ƙafar na iya tasowa a gajarce ko a tanƙware.