Wadda Ta Taɓa Fama da Ciwon Ƙwaƙwalwa Ba Ta Rasa Bakin Magana Ba

An daɗe ana ɗaukar cewa macen da ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ta zama mahaukaciya har abada, don haka ba a ba ta amanar jagoranci, kuma maganarta ba abar kamawa ba ce. Kuskuren ya samo asali ne daga tara cututtuka mabambanta a ƙarƙashin kalma ɗaya, wato hauka, alhali yawancinsu ana magance su ko a shawo kansu da magani da shawarar ƙwararru.

A Nyanya ko Zuba da ke kewayen Abuja, maijegon da ta kasa barci, take kuka ba dalili, ta ture kwanon kunun kanwa gefe, sau da yawa iska ake cewa ta shige ta, a kawo hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar irin wannan larura, galibi ciwon damuwa.

Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman mai fafutukar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2016, ba ta ɓoye nata ciwon ba, kuma a 2020 ta tsaya gaban Majalisar Tarayya a Abuja ta yi bayani kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A ganina, wadda ta sha maganin ta fi kowa sanin inda dokar take da giɓi. An sa hannu a kan dokar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.