An mayar da shagunan layinmu ɗakin biki, me za mu yi?

Tambayoyin nan su ne dai kullum, yau daga Malali, gobe daga Barnawa ko Unguwar Rimi a nan Kaduna. Ga amsa, kowa ya karanta kafin ya sake tambaya.

Mai shagunan, ba gininsa ba ne? Ba zai yi yadda ya so da shi ba?

A'a. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma kowace C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, an rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Ko ta ce kasuwanci, zanen da aka amince masa na shaguna ne. Ɗakin da zai kwashi ɗaruruwan mutane da motocinsu sai da sabon izini.

Wa za mu kai wa kuka?

KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Ita ke ba da izinin gini da na sauya amfaninsa. Ku daina tafiya caji ofis, DPO ba ya duba zanen gini. Ƙarar kiɗa da hayaƙin janareta na KEPA ne, hukumar kare muhalli; motocin da suka tare titi na KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa.

Ya ce mai unguwa ya amince.

Allah ya ƙara wa mai unguwa lafiya, amma sa hannunsa ba izinin gini ba ne.

Samarinmu sun ce a bar su su toshe ƙofar da bulo cikin dare.

Kada ku kuskura. Da safe ku ne masu laifi, shi ne mai ƙara, maganar izini kuma ta bi ruwa. Dattijon da ya zuba wa wannan ido, da shi za a yi zaryar beli.

Ya fasa katangar baya ya buɗe get a lungunmu. Yana da wannan ikon?

To, a nan ba zan yanke muku hukunci daga zaune ba. Ya danganta da abin da taswirar unguwar ta nuna, ita kuma tana KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye na jihar. In lungun hanya ce ta gwamnati a taswira, kuma fulotinsa ya yi iyaka da ita, da wuya ku hana shi ƙofa don kawai kun riga shi zama. Abin tambaya shi ne ko ƙofar tana cikin zanen da aka amince masa. Sau da yawa zanen ya nuna shiga da fita ta babban titi, sai daga baya a fasa ta baya don kada motocin biki su jawo KASTLEA. In haka ne, kuna da magana mai ƙarfi.

In kuwa lungun ba ya cikin taswira, rarar fulotan mutane ce aka bari tun zamanin iyaye don a riƙa wucewa masallaci, lamarin ya rikice. Mai yiwuwa ba shi da hurumin shiga, mai yiwuwa kuma binciken ya tono cewa barandar wani a cikinku ta ci hanya. Ku nemo duwatsun iyaka tukuna, ku san inda kuka tsaya. Lauya ma zai fara da nan.

Ko ƙofar halal ce, ba shi ke nan ba. Ku auna faɗin lungun. Ku ɗauki hoto ranar Asabar da la'asar, lokacin da motocin 'yan rakiyar amarya suka jeru kan kwalbati, mai Keke Napep ya rasa wajen juyawa, 'yan Islamiyya suna raɓawa ta bakin kwata. Ku tambaya a rubuce ta ina motar kashe gobara za ta bi. Wani lokaci abin da ake samu sulhu ne: ƙofar ta zama ta masu ƙafa, motoci su koma gaba. Ni dai in an ba ku wannan, ku karɓa, amma a rubuta.

Ai babban mutum ne, ba abin da za a yi masa.

Kun gwada? Mutanen Kaduna da suka ga aikin katafila na rusau daga 2015 zuwa 2023 bai kamata su riƙa wannan magana ba. Ku kwantar da hankali, amma ku yi sauri. Dakatar da aiki ana tsakiyar fasa bango ya fi sauƙi a kan rufe wurin da aka riga aka karɓi kuɗin bukukuwan wata uku.

Mun yi ta magana a guruf ɗin WhatsApp na unguwa.

Wannan hira ce. Ku rubuta wa KASUPDA takarda da Turanci, magidanta su sa hannu da lambar gidansu, ku haɗa hotunan. Kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan naku.