Silo ya ƙi sauka a tsohuwar mota: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita min

Mota tana tsaye, ƙafa ba ta kan totur, amma injin yana ta ihu. Wannan gudun da injin ke yi ba a taka totur ba shi ne silo. Na amsa wannan magana har bakina ya gaji, don haka ga ta a wuri ɗaya.

Nawa ya kamata allurar gudun injin (rpm) ta nuna?

Idan injin ya yi zafi, giya tana furi, AC a kashe: tsakanin 600 da 900 a yawancin motocin fetur. Ainihin adadin motarka yana cikin littafinta.

In murɗa sukurun silo kawai ya sauka?

A'a. Sukurun nan bai murɗa kansa ba. Wani abu ne ya lalace, kai kuma kana so ka rufe shi. Ranar da aka gyara ainihin matsalar, motar za ta riƙa mutuwa a duk inda ka taka birki, kuma ba wanda ya san inda sukurun yake tun farko.

Da safe tana kai 1,400. Matsala ce?

Kwantar da hankalinka. Injin mai sanyi haka yake yi. In ya sauka bayan 'yan mintuna, lafiya lau.

To me ke sa ya ƙi sauka bayan ya yi zafi?

Ga inda nake so a nutsu. Injin ba ya gudu sai da iska. Silo mai yawa yana nufin iska tana shiga fiye da kima, ko ta ɓarauniyar hanya, ko kuma motar ce da kanta take buɗe mata ƙofa saboda an ba ta labarin ƙarya.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Duba ko tabarmar ƙafa ta danne totur. Buɗe bonet ka taɓa wayar totur: ya kamata ta ɗan yi sako-sako, hannun totur kuma ya koma har ƙarshe da kansa.

In wannan lafiya, nemi inda iska ke zurarewa. A tsohuwar mota nan na fi samun laifin, domin roba tana bushewa ta tsage. Bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya, da babban da ke zuwa sabo (servo, tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki), da na PCV (bawul mai mayar da hayaƙin cikin injin a sake ƙona shi), da gasket ɗin manifol (bututun da ke raba wa injin iska). Kasa kunne, sau da yawa za ka ji tsaki kamar na maciji. Matse tiyo da filaya a hankali. In silo ya faɗi, ka kusa kama ɓarawon. Wasu suna fesa man wanke kafireto a mahaɗa su ji ko sautin ya canza. Yana aiki, amma abin yana kama wuta, kada ka kusanci salansa ko wayar fulogi da shi. Gwajin hayaƙi, wato a hura hayaƙi cikin hanyar iska a ga inda yake fita, ya fi aminci.

Sai dai ba kullum ɗigar iska ke ɗaga silo ba. A motar da ke da sensar MAP (mai auna matsin iska a manifol) yakan hau sosai; a mai sensar MAF (mai auna yawan iskar da ke shiga) sau da yawa rawa injin zai riƙa yi. Shi ya sa ba na yanke hukunci daga nesa.

Ba ɗiga? Koma kan bawul ɗin IAC, mai ba injin iska idan totur yana rufe. Baƙin datti yana maƙale shi a buɗe. Wanke shi kafin ka sayi sabo. Sannan sensar zafin ruwa: in tana gaya wa kwamfutar motar cewa injin da sanyi, silon safe ba zai taɓa sauka ba, kuma za ka ga tana shan mai. Ƙarancin ruwa a lagireto ma yana iya sa allura ta riƙa hawa da sauka. Taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) da aka tura gaba da yawa shi ma yana ɗaga shi. Kuma yana yiwuwa laifi biyu ne suka haɗu.

Tawa mai kafireto ce fa?

Duba cok, murfin da ke rage iskar kafireto idan injin da sanyi. In bai buɗe gaba ɗaya ba bayan injin ya yi zafi, shi ne.

An ce in cire tamostat don kada injin ya yi zafi.

Wallahi wannan abu yana ɓata min rai. Tamostat ne ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har injin ya yi zafi. Ka cire shi, injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai da iska kamar da asuba, sannan ka dawo kana kukan silo da shan mai. Mayar da shi.

Na wanke maƙogwaron totur, silo ya ƙaru. Na ɓata ne?

Da wuya. Kwamfutar ta saba da dattin ne, tana buƙatar ta sake koyo. Wasu motocin suna daidaita kansu bayan 'yan tafiye-tafiye, wasu sai an bi matakan da ke littafinsu. Amma tabbatar ka mayar da kowane tiyo, kuma gasket bai yage ba.

In sa mata na'urar bincike?

In tana da OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'urar, sa. Lambar P0507 tana cewa silo ya wuce kima ne kawai, ba ta faɗin dalili. Kada ka sayi kaya a kanta.

Zan iya ci gaba da hawa haka?

Zuwa gareji, eh. Amma in otomatik ce, za ta riƙa fizga idan ka sa giya, tana ja kana taka birki. In kuwa tiyon sabo (servo) ne ya tsage, birkin kansa zai yi tauri. Wannan kam ajiye ta yau, malam, kada ka ɗauki iyali a ciki.