Waiwaye: yadda kokawar bibbiyu ta rasa garuruwan da suka raine ta

Duk majalisar da masu kallon resilin suka haɗu, da wuya a tashi ba a taɓo wannan gardamar ba. Dattawa su ce kokawa ta ƙare tun zamanin Mighty Igor da Mil Mascaras, waɗanda aka riƙa cincirindo a gidajen maƙwabta don a gani a talabijin, lokacin da sunan Power Mike ke bakin kowane yaro a Najeriya. Matasa su ce son zuciya ne, ai 'yan kokawar yau sun fi tsalle, sun fi sauri, sun fi iya baki. Amma da zarar an zo kan kokawar bibbiyu, wadda ɗaya ke cikin fage ɗaya na bakin igiya yana miƙo hannu, sai ka ga matasan sun sassauta murya, domin sun san yau ba kasafai wasan bibbiyu kaɗai ke cika babban zaure ba. A nan ina tare da dattawa. Inda muka rabu shi ne masu ganin dare ɗaya abin ya lalace. Ciwon ya daɗe yana ci, kuma ranar da nake ganin ya soma ba a cika ambatonta ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1948 masu shirya wasanni a Amurka suka kafa ƙungiyar NWA, suka raba ƙasar yanki-yanki, kowa da garuruwansa da tasharsa ta talabijin, sannan zakaran duniya guda, irin su Lou Thesz, yana zagaya su. Bruno Sammartino ya kayar da Buddy Rogers cikin daƙiƙa 48 a 1963, ya riƙe kambun da ya ƙwace a hannunsa, na kamfanin WWWF, kwana 2,803. A ɓangaren bibbiyu kuwa, Fabulous Kangaroos, wato Al Costello da Roy Heffernan 'yan Ostireliya, sun haɗu a 1957, kuma a Nuwambar shekarar wani wasan bibbiyu a Madison Square Garden ya ƙare da tarzomar 'yan kallo. Daga nan sai su Crusher da Dick the Bruiser, Ray Stevens da Pat Patterson, Gene da Ole Anderson, 'yan gidan Funk da 'yan gidan Brisco.

Abin da ya ƙera waɗannan mutane shi ne hanya. Ɗauki yankin Memphis: safiyar Asabar a yi shirin talabijin, daren Litinin a yi wasa a Mid-South Coliseum, Talata a Louisville, Laraba a Evansville, mako ya zagayo a sake. Mutanen da suka kalle ka wannan Litinin su ne za su dawo ta gaba, ko su ƙi dawowa, kuma abin da aka tara a ƙofa shi ne abincinka. Kowa ya san tsara sakamakon ake yi, to gwanintar tana wajen sa mutum ya manta da hakan har ya miƙe tsaye yana ihu. Mutum biyu da suka yi shekaru a mota ɗaya, suna fuskantar abokan hamayya iri ɗaya dare biyar ko shida a mako, sukan kai matsayin da ɗaya ya san abin da ɗaya zai yi kafin ya motsa. In kuma jama'ar wani yanki sun gundura da su, sai su tattara kayansu su koma wani yankin inda ba a taɓa ganinsu ba, su dawo sababbi fil. Har ma yankuna da yawa kowanne yana da nasa zakarun duniya na bibbiyu, kuma babu wanda ya damu, don mutumin Dallas ba ya ganin talabijin ɗin Atlanta.

Ranar 17 ga Disamba 1976 wannan katangar ta tsage. A ranar ne wata ƙaramar tashar Atlanta mai suna WTCG, wadda daga baya ta koma WTBS, ta fara aika shirye-shiryenta ta tauraron ɗan Adam zuwa ga masu rarraba talabijin ta waya. Garuruwa huɗu kacal suka karɓa a farko: Grand Island a Nebraska, Newport News a Bajiniya, Troy a Alabama, da Newton a Kansas. Ba don kokawa aka yi ba. Tsofaffin fina-finai da wasannin ƙwallo ne suka fi yawa a tashar. Sai dai cikin kayan da take ɗauke da su akwai kokawar yankin Jojiya ta yammacin Asabar, wadda Gordon Solie ke sharhi a kai daga wani ɗan ƙaramin ɗakin shiri. Babu wanda ya yi laifi a nan, fasaha ce ta zo kamar yadda mota ta zo ta samu fatake da jakunansu.

Dubi abin da hakan ke nufi ga mai kallo a wani gari mai nisa. Jiya zakaran garinsu shi ne ƙarshen ƙarfi a idonsa. Yau yana ganin Tommy Rich da Dusty Rhodes da Ole Anderson kowane mako a ɗakinsa, kuma ya gano akwai wasu ma da ake kira zakarun duniya. Wayoyin talabijin na ƙara shiga gidaje, zuwa farkon shekarun 1980 'yan kokawar Jojiya sun fara kai wasa Ohayo da Mishigan, garuruwan da a tsohon tsari ba gonarsu ba ce, saboda kawai jama'ar can sun san fuskokinsu. Da wannan ta tabbata, kowa ya gane cewa wanda ke da tasha mai kaiwa ko'ina yana iya cin kowace kasuwa. Abin da ya fi taɓa 'yan bibbiyu kuwa shi ne rasa mafakar nan ta canza yanki. Salon da a da zai ciyar da su shekara goma a yankuna biyar, yanzu duk ƙasa ta gama ganinsa cikin shekara ɗaya.

Abin da ke ruɗa masu gardama shi ne mafi kyawun shekarun sun zo ne bayan wannan rana. Daren Kirsimeti na 1982 a Dallas, Terry Gordy na tawagar Freebirds ya maka wa Kerry Von Erich ƙofar keji a ka, rigimar Freebirds da 'yan gidan Von Erich ta tashi ta riƙe Teksas shekaru. Ranar 12 ga Maris 1983 a Greensboro, Ricky Steamboat da Jay Youngblood suka shiga keji da Sgt. Slaughter da Don Kernodle, zaure ya cika, aka mayar da dubbai gida, motoci suka toshe hanya. Wasan bibbiyu ne ya jawo wannan. A shekarar ne Road Warriors suka ɓulla a Jojiya, Rock 'n' Roll Express kuma, wato Ricky Morton da Robert Gibson, a Memphis. Wanda bai taɓa ganin su Ricky Morton da Midnight Express ba, ya nema ya gani: Bobby Eaton da Dennis Condrey na Midnight Express su tsare Morton a lungunsu suna jibga, manajansu Jim Cornette na waje yana ɗauke hankalin alƙali, Morton ya ja jiki da ƙyar ya taɓa hannun Robert Gibson, alƙali ya ce bai gani ba. Har yau in na kalla sai na ji zuciyata ta tashi. Amma duk waɗannan 'ya'yan tsohuwar hanya ne, a motoci da ƙananan zauruka suka koyi sana'ar. Amfanin gona ne da aka shuka kafin ruwa ya ɗauke.

Sauran ya zo da sauri. Faɗuwar farashin mai a 1986 ta talauta 'yan kallon Oklahoma da Luwiziyana da Teksas. Yankin Mid-South, wato na Oklahoma da Luwiziyana, ya canza hannu a 1987, na Dallas ya rufe a 1990, kamfanin AWA na Minneapolis a 1991. Da wasa ya koma na jirgin sama da sayar da riguna, lissafi ya canza wa kowa: wasan bibbiyu albashi huɗu ne da tikiti huɗu, alhali fuska ɗaya ce ke sayar da riga. British Bulldogs da Hart Foundation da Demolition sun haskaka, amma haɗin ya fara zama matakala, inda ake jiran a ga wanne cikin biyun zai haura shi kaɗai. Bret Hart na Hart Foundation ya kama gabansa a 1991, Shawn Michaels ya rabu da Marty Jannetty a farkon 1992. An ci gaba da samun gwanaye jefi-jefi, su Dudley da Hardy da Usos, sai dai makarantar da ke fitar da su da yawa ta riga ta watse.

Memphis ce ta fi jurewa, ta kai 1997. Morton da Gibson kuwa ba su daina ba. A 2019, kowannensu ya haura shekara 60, suka sake ɗaukar kambun bibbiyu na NWA a wani ƙaramin ɗakin shiri a Atlanta, aka nuna wasan a YouTube.