Ƙunshin tafiya ko sayen tikiti da otal daban-daban: wa za ka riƙe idan tafiya ta ɓaci?

Mai shirin Umara ko hutu a Masar ko Dubai daga Kaduna hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya miƙa kuɗi a dunƙule ga kamfanin jirgin yawo ya haɗa masa tikiti da biza da masauki da mota, ko kuma ya sayi kowanne da kansa ta waya. Yawanci farashi ake dubawa. A idon doka kuwa, abin lura shi ne yarjejeniya nawa ka ƙulla, kuma da wa.

Wanda ya sayi ƙunshi, da kamfani ɗaya ya yi ciniki. Kamar mai gidan da ya ba ɗan kwangila gini ne: in rufi ya yi yoyo ba kafinta zai nema ba. Idan an yi masa alkawarin otal kusa da Harami ya tarar da kansa a inda sai an hau mota, kamfanin da ya karɓi kuɗinsa zai tuhuma. Wanda ya saya daban-daban yana da yarjejeniya uku ko huɗu, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta. Idan an soke jirgi, sashe na 19 na ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya, ya wajabta wa kamfanin jirgin ya mayar da kuɗin tikiti cikin kwana 14. Amma otal ɗin Makka da aka biya a farashin rangwame mai sharaɗin "ba a mayar da kuɗi" babu ruwansa da jirgin da bai tashi ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne tikiti biyu. Mutum ya sayi na Kaduna zuwa Legas daban, na Legas zuwa Jidda daban. Na farkon ya makara da awa uku, na biyun ya tashi. A wurin kamfani na biyu, fasinja ne kawai da bai zo ba, kuma sau da yawa har tikitin dawowa ake sokewa. Da a ce zangon biyu suna kan tikiti ɗaya, nauyin sa shi a jirgi na gaba yana kan kamfanin. Haka nan mai bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu don ya kama jirgi a Abuja, jinkirin hanya a wuyansa yake. Kwana ɗaya a Abuja ya fi sabon tikiti araha.

A Turai an ware wa ƙunshi dokarsa ta musamman. Ta Tarayyar Turai an yi ta a 2015, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2018, Birtaniya ma ta yi makamanciyarta a shekarar. Ƙunshi a wurinsu shi ne a haɗa aƙalla hidima iri biyu a tafiya ɗaya, kamar jirgi da masauki. Ba a ƙara farashi idan saura ƙasa da kwana 20 a tashi, in kuma ƙarin ya wuce kashi 8 cikin 100, mai saye yana iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa. Mafi muhimmanci, dole kamfani ya tanadi kariyar kuɗin jama'a ko da zai durƙushe. Lokacin da Thomas Cook, babban kamfanin shirya tafiye-tafiye na Birtaniya, ya rushe a Satumban 2019, hukumar jiragen saman Birtaniya mai kula da ATOL, tsarin kare kuɗin masu sayen ƙunshi, ce ta shirya kwaso kusan mutum 150,000 zuwa gida. Sai dai wannan kariya tana bin inda aka sayar da ƙunshin ne. Tafiyar Landan da aka saya a wani ofis a titin Ahmadu Bello ba ta shiga ciki.

A nan gida, haƙƙin matafiyi a warwatse yake. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar soke wurin da ya kama tun kafin lokaci, a cire masa ladan sokewa daidai misali. Ta kuma ce hidimar da ba ta kai yadda aka yi alkawari ba, a gyara ta ko a mayar da wani kaso na kuɗin. Saboda haka rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan rasit bai isa ya shafe haƙƙinka ba. Hajji da Umara kuma suna ƙarƙashin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi. A ganina raunin yana nan: idan ejan marar lasisi ya rufe ofis ya ɓace da kuɗin mutane, samun hukunci a kotu daban, samun kuɗin a hannu daban.

Don haka ƙunshi yana da amfani ne gwargwadon takardar da ke hannunka. Ka tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisin NAHCON na wannan shekarar, ba na bara ba. Ka tura kuɗi asusun kamfani mai sunan da ke jikin rasit, ba asusun wani yaron ofis ba. A rubuta sunan otal, yawan kwanaki, mutum nawa a ɗaki, da abin da za a cire idan biza ba ta fito ba. "Otal mai kyau kusa da Harami" ba sharaɗi ba ne da za a iya kaiwa gaban alƙali. Sannan ka duba tikitin da kanka: takardar kama kujera mai haruffa da lambobi guda shida ba tikiti ba ce, ana iya soke ta in ba a biya ba. Tikitin da aka biya yana da lambobi guda 13, kuma za ka gan shi a shafin kamfanin jirgin.

Kaya kuma, ko ta wace hanya ka saya, a jiragen ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki. Jaka ta fashe, a shigar da koke a rubuce cikin kwana 7. Ta makara, cikin kwana 21 daga ranar da ta zo hannunka. Ka cike takardar rahoto kafin ka bar filin jirgin, ka adana ɗan tikitin da aka manna maka na jakar. Idan kamfanin jirgi ya yi biris, jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA ake kai wa ƙara, damar zuwa kotu kuma tana ƙarewa bayan shekara 2.