Ranar Tsafta ta Ƙasa: mun kwashe kwata, wa zai ɗauke sharar?

Tunda gwamnatin Ghana ta farfaɗo da Ranar Tsafta ta Ƙasa a shekarar 2025, maganar ba ta fita daga bakin mutane ba a zangunan Accra, daga Nima da Maamobi har Sabon Zango, Fadama da Madina. Wasu na fita da tsintsiya da shebur, wasu na cewa wahalar banza ce. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mece ce wannan rana, kuma daga ina ta samo asali?

Asabar ɗin farko ta kowane wata ce aka ware domin jama'a su fito su share unguwanni da kasuwanni da tashoshin mota, su kwashe kwatoci. An fara ta ranar 1 ga Nuwamba 2014, lokacin mulkin Shugaba John Dramani Mahama na farko. Annobar kwalara ce ta haife ta. A waccan shekarar cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar, fiye da 200 suka rasu, kuma yankin Accra ne ya fi jin jiki. Daga baya abin ya yi sanyi, sai da Mahama ya dawo mulki aka sake ɗaga shi. Wanda ya zauna Kano ya san irinta, domin can ma ana tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata.

Dole ce, ko ganin dama?

Majalisun gundumomi ne ke tafiyar da aikin, kuma sukan umarci a rufe shaguna da safe har a gama. Ko da babu wannan rana, dokokin majalisa da Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 sun ba jami'an duba gari, waɗanda muke kira samansaman, ikon gurfanar da wanda ya bar ƙazanta a gidansa ko ƙofar shagonsa.

Muna biyan haraji. Ba aikin gwamnati ba ne?

Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a rufe masa baki ba. A 2021 an ɗora harajin tsafta na fesuwa 10 (ƙaramin kuɗin Ghana) a kan kowace litar fetur da dizal. 'Yan kasuwa na yankan tikiti kullum. A gida kuma kana biyan mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kafin ya ɗauki bolarka. Saboda haka samar da kwantenar zuba shara, da motar da za ta ɗauke ta, da wurin da za a kai ta, duk nauyin hukuma ne, ba alfarma take yi mana ba.

Amma ba hukuma ce ke fitowa da daddare ta juye bokitin shara a kwata ba. Ba ita ce ke jiran hadari ya haɗu ta saki buhun bola a bakin ruwa don ya tafi da shi ba. Mu ne, ko maƙwabtanmu, kuma mun san juna. Wannan rabon laifin namu ne, babu harajin da zai wanke shi.

To me ya sa kwatar da aka kwashe take sake cika kafin sati ya zagayo?

A nan ne gizo ke saƙar. Ka tsaya a bakin titi a Maamobi da hantsin ranar tsafta ka gani. Samari sun tuɓe riguna, sun shiga kwata har gwiwa, suna fito da baƙin taɓo haɗe da ledojin fiya wata, robobin lemo, tsummokara da kwanukan roba na abinci. Suna tara su tsibi-tsibi a gefen kwatar. Sun yi aikinsu, sun tafi wanka. Idan mota ba ta zo ta ɗauke tsibin nan a ranar ba, rana za ta busar da shi, awaki da kaji su tone shi, babura su watsa shi, ruwan farko da ya sauka kuma ya mayar da shi inda aka ciro shi. Mai koko da ƙosai da ke gefen ita ce ke kwana uku tana korar ƙuda daga kan kayanta.

Wannan ne ke kashe wa mutane gwiwa fiye da komai. Wanda ya ga guminsa ya koma kwata sau biyu, da wuya ka sake fito da shi. A ganina ba yawan waɗanda suka fito ko hotunan manya riƙe da tsintsiya ne ma'aunin nasarar ranar ba. Ma'aunin shi ne ko an ɗauke abin da aka tara kafin magariba.

Sai kuma yashi da ƙasa. Lungunan da ba a yi musu daɓe ba suna zubar da ƙasa cikin kwata duk lokacin ruwa, ko da babu wanda ya jefa leda ɗaya. Manyan magudanai kuwa shebur ba ya iya musu, sai injin tono.

Me ya haɗa kwatar unguwarmu da ambaliyar da ake yi a Circle?

Hanyar ruwa ɗaya ce. Babbar kwatar Nima tana gangarawa ta haɗu da kogin Odaw, shi kuma ya bi ta wajen Kwame Nkrumah Circle, babbar mahaɗar hanyoyi a Accra, ya faɗa tafkin Korle kafin ya shiga teku. Ledar da aka jefa a Nima can take tsayawa. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya yi ambaliya a Circle, mutane suka fake a wani gidan mai, man da ya malala a kan ruwa ya kama wuta, sama da mutum 150 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu. Toshewar magudanai na cikin manyan dalilan da aka danganta ambaliyar da su. Bayan haka ne, a 2019, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin GARID na gyaran yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa a shirin.

Ba mun sha jin irin waɗannan alkawura ba?

Mun sha. A 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikatar tsafta da albarkatun ruwa, ya yi alkawarin mayar da Accra birnin da ya fi kowane tsafta a Afirka. A 2022 ministan yankin Accra na lokacin, Henry Quartey, ya kawo shirin kowa ya tsaftace ƙofar gidansa. Kowanne ya fara da ƙarfi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake lissafa tsafta da jam'iyya, wannan na NDC ne, wancan na NPP, alhali kwalara ba ta duba katin zaɓe. A ƙarshen 2024 ma ta sake ɓulla daga yankin Ada ta bazu.

Shara kaɗai ce matsalar?

A'a, akwai banɗaki, ga shi ba a son maganarsa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 18 cikin 100 na gidajen ƙasar ba su da wurin kewayawa ko kaɗan, wajen kashi 23 kuma da banɗakin haya suka dogara. A zango kowa ya san gidan haya mai ɗaki goma sha da babu banɗaki, domin maigidan ya mayar da wurin ɗakin haya. Da tsakar dare mace ko tsoho ko yaro ba za su iya tafiya banɗakin haya ba, sai a yi a leda, ledar kuma ta ƙare a kwata. Daga nan ƙuda da ruwan sama su kai ta ga abinci da bututun ruwan da ya fashe. An yi shirin GAMA da tallafin Bankin Duniya wanda ya rage wa masu gidaje kuɗin gina banɗaki a Accra, daga baya aka kai shi Kumasi. Maigidan da har yau ke karɓar haya bai gina ba, a gaya masa gaskiya, yana cutar da mutanen da ke ƙarƙashin rufinsa.

Ina malamai da sarakunan zango a wannan aiki?

Su ne ake ji. Liman ya faɗa a huɗubar Juma'a cewa gobe a fito, ya tuna wa jama'a cewa tsarki rabin imani ne kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, za ka ga bambanci da safe. Sarkin zango da magajiya da shugabannin matasa kuma su ne za su iya zuwa majalisa a saurare su. Ina roƙonsu kada su tsaya ga tara jama'a kawai, su riƙa tambayar motar.

Asabar ɗin tsafta mai zuwa me zan yi?

Tun ranar Alhamis ku sami asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar gunduma, ku ji ƙarfe nawa motar za ta zo da kuma inda za a tara. Idan ya ce babu mota, ku haɗa kuɗi ku ɗauki aboboya, ku tabbatar wurin zubar da shara na hukuma zai kai, domin wasu sukan juye a bakin kogi. Kada a bar yara su shiga kwata, manya ma su sa takalmin roba da safar hannu saboda fasassun kwalabe da ƙusoshi. Duk wanda ya fara amai da gudawa bayan aikin, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti.