Waiwaye: Yadda "shuɗin wata" ya samu ƙa'idoji biyu

Tun ƙarshen Agusta 2023, lokacin da hotunan wata mai launin shuɗi suka cika wayoyin jama'a a Kumasi, aka ce "shuɗin wata" ya zo, musu bai lafa ba a majalisun unguwannin Aboabo da Asawase na birnin. Waɗanda suka fito bayan sallar isha'i sun ga wata fari tas kamar yadda suka saba. Da aka sake shelar wani shuɗin watan ranar 19 ga Agusta 2024, shekara ba ta ma zagayo ba, sai shakka ta ƙaru, domin an ce abin sai bayan shekara biyu ko uku yake zuwa.

Wata kan yi shuɗi da gaske idan toka ko hayaƙi suka tare jan haske a sararin sama, kamar yadda aka gani bayan aman dutsen Karakatowa na Indunusiya a 1883 da gobarar dajin Kanada a 1950. Hazon hunturu da muka sani kuwa ja-ja yake mai da shi. To amma abin da ake shela a yau lissafin kalanda ne.

Shekarar rana kwana 365 ce, watanni 12 na sama kuma kwana 354, don haka ragowar kwana 11 kan taru har a samu shekarar da wata zai cika sau 13. Wata kalandar manoma ta jihar Maine a Amurka ta raba shekara zango huɗu, kowane da cikar wata uku. Idan zango ya samu huɗu, na ukun ne shuɗin wata. A 1946 aka buga maƙala a wata mujallar masu nazarin taurari, wadda ta fahimci ƙa'idar ta wata fuska, ta ce cika ta biyu ce a cikin watan Bature guda. Wannan bayani ya fi sauƙin riƙewa, domin duk mai kalanda a bango zai iya tabbatarwa, shi ya sa da wani shirin rediyo ya maimaita shi a 1980 ya bazu har ya danne na farko. Sai a 1999 masu bincike suka bi sawun maganar suka gano inda ta rabu biyu, alhali sabuwar ƙa'idar ta riga ta zauna. Watan 2023 da ita aka ƙirga shi, na 2024 kuma da tsohuwar.

A ganina, abin da ya ƙara rikita mutanen Zango shi ne mu da ganin jinjirin wata muke fara lissafi, cikarsa kuma kullum tana faɗawa wajen 14 ga wata, cikin kwanakin da ake azumin nafila. Watan Hijira ba zai taɓa ɗaukar cika biyu ba. Watan Bature mai kwana 30 ko 31 ne ke da wannan sarari, tunda daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne. A 2018 Janairu da Maris kowanne ya samu biyu, Fabrairu bai samu ko ɗaya ba.